Jalingo ba tashar doya ce kawai ba: wuraren tarihi da al'adu da ya kamata ka kai iyalinka

A unguwar Mayo Gwoi ta Jalingo aka yanke mini cibi, amma yau na fi shekara ashirin ina neman abinci a Agege. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da babban ɗana ya yi mini bara, muna shirin zuwa gida hutun Babbar Sallah. Cewa ya yi, "Baba, me ake gani a can?" Wallahi sai da na yi jim. Yaron da aka haifa a Ikko, ya san bakin teku, ya san gidan tarihi na Onikan saboda makarantarsu ta kai su, ga shi yana tambayar garin ubansa kamar baƙo. Na san ba ni kaɗai ba ne. Da yawanmu mazauna Sabon Ibadan, Idi-Araba, Mile 12, Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal, idan aka ce Jalingo, motar doya da ta shanu ce ke zuwa mana a rai.

Gaskiyar magana, Jalingo ba irin garin da za ka yanki tikiti a ƙofa a zagaya da kai ba ne. Abin kallonta a warwatse yake cikin sunayen unguwanni, ƙofar fada, kasuwa da ƙauyukan gindin duwatsu. Sai ka san labarin kafin idonka ya buɗe.

Daga ƙofar gidanmu na fara da yaron. "Mayo" da Fulatanci kogi ne, kuma daga kogin da ya ratsa ta nan unguwar ta samo sunanta. Da rani yashi ne shimfiɗe, yara na buga ƙwallo, masu wanki na tona rami su ɗebi ruwa. Da damina kuwa, kada ka kuskura ka raina shi. Ka tsaya a kan gada da la'asar sakaliya, ka ɗaga kai ka dubi duwatsun da suka kewaye garin. Wanda ya saba da hayaƙin Oshodi, wannan kaɗai ya ishe shi magani.

Daga nan muka hau keke zuwa cikin gari, na ce masa ya riƙa sauraron sunayen unguwanni: Barade, Majidaɗi, Sarkin Dawaki, Turaki, Sintali, Kachalla Sembe. Yawancinsu sarautu ne na fada da na yaƙi, kuma ba haka kawai aka sa su ba. Jalingo sansanin yaƙi ce tun asali. Masarautar Muri ta kafu ne a 1817 a hannun Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, kuma hedikwatarta ta farko tana garin Muri, a ƙetaren Binuwai ta arewa. Sarki Muhammadu Nya ne ya dawo da gadon sarauta nan wajen 1893. Shi ya sa har gobe Sarkin Muri ake cewa, alhali a Jalingo yake zaune. Babban titin da ake kira Hammaruwa Way sunan wanda ya kafa masarautar ya ci. Da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, sai garin ya zama babban birnin jiha.

Fada ita ce zango na biyu. Mai Martaba Alhaji Abbas Njidda Tafida ne ke kan karaga tun 1988. Idan da hali, ka saita tafiyarka ta zo daidai da Sallah, lokacin da ake fito da dawaki cikin ado, algaita da kakaki na tashi, hakimai na zuwa gaisuwa. Kada ka je da ma'aunin hawan Kano ko na Katsina a zuciyarka, don ba girmansu ɗaya ba. Daɗin na nan shi ne kusanci: kana ganin fuskar mahayin, kana jin kirari da Hausa haɗe da Fulatanci. A ranakun da ba biki kuma, ka yi sallama ga dogarai, ka faɗi daga inda ka fito, sannan ka nemi izini kafin ka zaro waya kana ɗaukar hoto.

Wurin da na fi so kowa ya je shi ne Kona, a bayan gari kaɗan, ƙasar Jukunawan Kona masu sarauta da ake kira Kuru. A nan ne za ka ji ɗaya ɓangaren labarin kafuwar Jalingo. Sarki Nya ya daɗe yana fafatawa da mutanen Kona bai ci garinsu ba, saboda ganuwa da duwatsu. Sai ga wani sojan ruwan Faransa, Laftana Louis Mizon, ya hauro Binuwai yana neman yarjejeniya da sarakuna don ya sha gaban kamfanin Turawan Ingila na Royal Niger. Ya ba Sarki gudummawar igwa da sojoji, aka ci Kona a ƙarshen 1892, aka kashe mutane, aka kama da yawa bayi. Bayan wannan nasara ce sansanin ya zama gari. A cikin gari ana ba da labarin a matsayin nasara, a Kona kuwa ana tuna shi da ciwo, kuma kowa gaskiyar kakanninsa yake faɗa.

Na daɗe a kan wannan ne da gangan. Mu mazauna kudu mun san zafin a ce maka baƙo a garin da aka haifi 'ya'yanka. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba. To, idan ka je Kona, ka tuna cewa a can kai ne ka zo daga ɓangaren masu rinjaye. Ka fara da gaida dattawa, ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, inda aka ce ba a shiga kada ka shiga. Ɗana ya yi ta tambayoyi a hanyarmu ta dawowa, wasu ma ban ji daɗin amsa su ba, amma na amsa.

Sai maganar Mumuye, mutanen Zing, Yorro, Lau da Ardo Kola, waɗanda suke da yawa a cikin Jalingo kanta. Mu a kasuwa da doya muka san su. Duniya kuwa da sassaƙa ta san su. Mutum-mutumin da masassaƙansu ke fitarwa daga itace dogo ne siriri, kai ƙarami, kunnuwa manya, hannaye dogaye sun kewayo jiki kamar an naɗa ɗamara. Masu magani da masu duba ne ke ajiye su a da. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin yaƙin basasa, dillalai suka yi ta kwashe su ta iyakar Kamaru zuwa Turai. A 2011 gidan tarihi na Fowler da ke birnin Los Angeles a Amurka ya shirya babban baje koli na fasahar kwarin Binuwai, wanda aka gina a kan binciken wani Ba'amurke, Arnold Rubin, daga baya aka kai shi Washinton da Paris. Abin takaici ke nan: ɗan Faransa ya fi ɗan Mayo Gwoi sauƙin ganin tsofaffin ayyukan Mumuye.

Na san wani zai ce ai gumaka ne. Ni dai ban ce kowa ya ajiye a ɗakinsa ba. Amma sanin abin da maƙwabcinka ya ƙware a kai ba bauta ba ne, kamar yadda Bayarabe ke zuwa Kano kallon marinar Ƙofar Mata ba tare da ya zama marini ba. Gargaɗi ɗaya ga 'yan kasuwarmu: idan wani ya ja ka gefe ya ce yana da "tsohon kaya" na sayarwa, ka yi gaba. Ko dai jabu ne aka shafa wa toka, ko kuma na gaske ne, wanda dokar 1979 ta hana fitar da shi daga ƙasa ba da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ba.

Babbar kasuwar Jalingo kuwa ba sai na koya wa ɗan kasuwa shigarta ba. Ka nemi layin ƙwarya da faifai, ka ga zanen ƙorai na matan Fulani, ka leƙa wajen maƙera da masu tukwane, ka sha fura da nonon da ba a haɗa da garin madara ba. Ka kasa kunne kuma: a rumfa ɗaya za ka ji Hausa, Fulatanci, Mumuye, Jukun da Tibi.

Mai sauran kwanaki yana iya wucewa Zing a lokacin sabuwar doya, ko ya hau tsaunin Mambila zuwa Gembu ya ga gonar shayi ta Kakara, ko ya shiga gandun dajin Gashaka-Gumti inda dutsen Chappal Waddi yake, mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Amma wannan tafiya ce mai zaman kanta, ba ta yini ɗaya ba.

Game da hanya, daga kudu yawanci ta Makurɗi ko Otukpo ake bi zuwa Gboko, Katsina-Ala, Zaki Biam, Wukari, Mutum Biyu, sannan Jalingo. Ka tsaya a Tella ka sayi banda, kifin wurin ba ya buƙatar talla. Ka yi tafiyar rana, kuma kafin ka tashi ka tambayi direbobin tasha halin tsaro da halin gadar Namnai, wadda ambaliya ta karya a 2024. Akwai filin jirgin sama na Danbaba Suntai ga mai hali, sai dai ka tabbatar da ranar tashin jirgi kafin ka biya kuɗi. Mu dai kwana tara muka yi, kuma a kan gadar Mayo Gwoi yaron ya ɗauki hoton da ya sa a fuskar wayarsa.