Yankewar Gaɓa a Wurin Gini: Sa'o'in da Nama Yake da Su, da Kwanakin da Doka Ta Bayar

Duk wanda ya bi hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ta Moriki ya ga yadda ginin siminti yake maye gurbin ginin ƙasa. Tare da simintin ne injin kwaɓa da injin buga bulo da zarton lantarki na yankan rodi suka shigo garuruwanmu, kuma galibin masu sarrafa su leburori ne da suka koyi aikin da ido. Idan bel ɗin inji ya kama hannun riga, ko bulo ya rikito daga bene ya danne ƙafa, lokaci ne yake yanke hukuncin ko gaɓar za ta rayu.

Kowace ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam tana buƙatar iskar oksijin da jini yake kai mata. Da zarar jini ya yanke, ƙwayoyin sukan ci gaba da aiki da ɗan abin da suka tanada, suna tara guba, har su mutu. Tsoka ita ce mafi saurin mutuwa saboda yawan abincin da take ƙonawa. Bayan kimanin sa'o'i 6 a zafin jiki, da wuya ta farfaɗo. Sanyi yana rage gudun aikin ƙwayoyin, ya kai wa'adin wajen sa'o'i 12. Yatsa kuwa, da yake ba shi da tsoka sai jijiya da ƙashi da fata, yana iya jure sa'o'i 12 a zafi, 24 a sanyi. Wannan ne ya sa ake naɗe gaɓar da ta yanke a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a ajiye ledar cikin ruwan ƙanƙara. Ɗora naman kai tsaye a kan ƙanƙara yana lalata shi. Amma kafin wannan duka, a danne raunin da ƙarfi a tsayar da jini, domin ran mutumin ya fi gaɓar.

Mayar da gaɓa ba sabon abu ba ne. A 1962 Dokta Ronald Malt ya mayar wa wani yaro hannunsa a Boston ta Amurka, a 1963 kuma Dokta Chen Zhongwei ya yi wa wani ma'aikacin masana'anta irin wannan aikin a Shanghai. Sai dai aikin yana buƙatar likitan da ya iya ɗinke jijiyoyi ƙanana, kuma raunin gini yawanci murƙushewa ne, ba yanka mai kaifi ba. Mai karatu ya auna tafiyar daga Moriki zuwa Ƙaura, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, daga nan wataƙila zuwa Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a yankin da rashin tsaro ya sa tafiyar dare ta zama kasada.

A ganina, hasarar da ta fi ciwo ita ce ta gaɓar da ba ta yanke ba tun farko. Mutum ya karye, a kai shi wurin mai ɗori, a ɗaure da karare tamau. Nama ya kumbura a ƙarƙashin ɗaurin, ya toshe hanyar jini, yatsu su yi sanyi su yi baƙi. Ba na raina masu ɗori, ni ma an taɓa yi mini ina yaro, amma ciwon da yake ƙaruwa bayan ɗauri, tare da mutuwar yatsu, alama ce ta a kwance a garzaya asibiti a ranar.

Doka ma tana da agogonta. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun hukumar NSITF, daga nan ake biyan diyya ba tare da sai an tabbatar da laifin wani ba. Ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, kuma dokar ta tanadi kuɗin magani da hannu ko ƙafar roba.

Abin da leburori da yawa ba su sani ba shi ne, ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da ɗan aikin yini, da mai koyon sana'a, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Haka kuma ta hana ma'aikaci yarjejeniyar yafe haƙƙinsa. Saboda haka kuɗin da ɗan kwangila yakan kawo gida da sunan jaje, a gaban dattawa, bai rufe maganar ba. Matsalar ita ce hujja, domin leburan da ake sallama da yamma da kuɗi a hannu ba ya cikin kowane littafin albashi. Katin asibiti mai kwanan wata, da sunayen abokan aikin da suka ga abin da ya faru, su ne abin da danginsa ya kamata su tattara tun a makon farko.