Dalilin da ya sa dattawan Bagwai ba su rabu da waƙoƙin Shata ba

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Bagwai ta jihar Kano, har yau akan tarar da dattijo a gona ko a fadamun madatsar ruwan Watari yana sauraren Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999. Da yawansu sun fara jin sa ne suna samari, ta gidan rediyon Kaduna ko a wajen biki.

Sirrin yana cikin tsarin kiɗan. Makaɗan kalangu da 'yan amshi ne ke riƙe waƙa, shi kuma yana ƙirƙirar baiti nan take. Shi ya sa Bakandamiya, wadda ya sha rerawa, kan zo da sabon zance a kowane zama, mai sauraro bai ƙoshi ba.

Waƙar da aka ji da ƙuruciya kuma takan haɗe da tunanin aure, gayya da abokan da suka riga mu gidan gaskiya. Kaset ya wuce, an koma memorin waya, amma kunne bai sauya ba.

Abin damuwa shi ne magada: matasa sun karkata ga kiɗan fiyano, masu koyon kalangu na raguwa.