Ruwan da Ba Goronyo Ta Sako Ba: Nazari Kan Ambaliya a Jabo da Kebbe

In aka ce ambaliya a Jihar Sakkwato, hankalin kowa Goronyo yake tafiya, kuma da dalili. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar da ke kan Gulbin Rima, ya malale ƙauyuka da gonaki tun daga Goronyo har Wamakko da Silame, ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Tun daga shekarar, da damina ta yi nisa sai ka ji ana tambaya: an buɗe dam ko ba a buɗe ba? Amma ruwan da ke rusa katangar mutumin Jabo, a ƙaramar hukumar Tambuwal, ko ya cinye shinkafar manomin Kebbe, bai biyo ta Goronyo ba, bai biyo ta madatsar Bakolori ba. Babu wani injiniya da zai rufe masa ƙofa. Wannan bambanci shi ne abin da tsarin jihar na tunkarar ambaliya ya daɗe bai ba shi muhimmancin da ya kamata ba.

Babban gulbin wannan kusurwa ta kudancin jihar shi ne Gulbin Zamfara, wanda ke ratsowa ta Gummi a Jihar Zamfara, ya bi ta ƙasar Kebbe, ya wuce Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato a Jihar Kabi. Abin da ya faɗa wa Gummi da dare, Kebbe za ta gan shi ba da jimawa ba. A watan Agusta na 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya mamaye garin Gummi, har masarautar ta shaida wa Gwamnan Zamfara Dauda Lawal cewa magidanta sama da 10,000 abin ya shafa. Garuruwan da ba su kan gaɓar gulbi, su kuma ƙoramu da kwaruruwan da ke bushe duk rani su ne ke tashi musu cikin sa'o'i kaɗan.

Dalili na farko na wannan ambaliya yana sama. Dattawa suna cewa ruwan yanzu ba irin na da ba ne, kuma kimiyya ta gaskata su. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan hadura masu zubo ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel cikin shekara 35. Ba yawan ruwan shekara kaɗai ke kawo ɓarna ba, yadda yake sauka ne. Malkar Agusta da ke yini tana yayyafi, ƙasa tana shanye ta. Ruwan mako biyu in ya sauko dare ɗaya, gudu yake yi a bisa ƙasa yana neman gangare.

Sai dai in muka tsaya nan mun yi wa kanmu sauƙi, domin sauran dalilan a ƙasa suke, kuma da hannunmu a ciki. Farin 1973 da na 1984 sun bar wani gado da ba a cika magana a kai ba. Shekaru da dama ruwa ya yi ƙaranci, kwarin da kakanni suka sani hanyar ruwa ce ya zauna a bushe, har aka tashi da zuriyar da ba ta taɓa ganin ruwa a cikinsa ba. Jama'a ta ƙaru, gida ya yi wa 'ya'ya kaɗan, filin tudu ya yi tsada, sai aka yanka fuloti a gangare. Da ruwa ya dawo, tsohuwar hanyarsa ya nema.

Kududdufi ma ya tafi, kuma ni a ganina wannan ita ce hasarar da aka fi rainawa. Kowane tsohon garin Hausa yana da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, su ne ke karɓar ruwan unguwa in an yi mamako, su riƙe shi har ya tsotse. Yau da yawansu sun zama juji, wasu an cike su an sayar. Ruwan da a da yake kwana a kududdufi, yanzu tsakar gida yake kwana. Ƙara da ledar da ke toshe 'yar magudanar da ake da ita, da titin da aka ɗaga sama aka sa masa kwalbati ƙarami, sai titin ya tare ruwa ya mayar wa unguwar da ke gefensa.

A daji kuma an sare itatuwa don girki da gawayi da faɗaɗa gona. Ruwa na kwasar rairayi daga tudu yana zubawa a cikin gulbi, gulbi yana rage zurfi kowace shekara, har ruwan da a da zai wuce salin-alin yanzu sai ya haura gaɓa. Rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan iyakar Kebbe da Zamfara ya ƙara nauyi: wanda ya gudo gari ba shi da zaɓin inda zai kafa bukka.

Wanda bai zauna gidan ƙasa ba zai ɗauka igiyar ruwa ce ke ture gini. Sau da yawa ba haka ba ne. Ruwa ne ke kwanciya a gindin katanga kwana biyu ko uku, tubali ya sha ya yi laushi, damshi ya hau kamu guda, sannan wata tsaga ta bayyana kusa da azara. Maigida ya kawo gungume ya tokare, ya ce Allah ya kai mu rana. Ɗakin kan faɗi ne bayan ruwa ya ɗauke, sau da yawa cikin dare. Rumbu ma haka. Kuma lokacin ne mafi muni, don a Agusta tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba. Damin geron da ya jiƙe, in ba a samu rana an shanya ba, tsira yake yi ko ya yi fumfuna.

A fadama, shinkafar da ruwa ya rufe kwanaki da yawa ta tafi, bashin taki kuwa yana nan. Kabi ta ga haka a 2020, lokacin da ambaliya ta lalata ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa. Cikar gulbi kuma tana mayar da zuwa gona kasada: a Satumba na 2024 kwalekwale ya kife da manoma a Gummi suna hanyar gonakinsu, aka rasa rayuka masu yawa. Bayan ruwa ya janye sai masai ya haɗu da rijiya, amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro su biyo baya.

Duk da haka, kada a ɗauki cikar gulbi a matsayin abokiyar gaba. Ita ke kawo laka mai albarka, ita ke cika ruwan ƙarƙashin fadama da ake ja a yi albasa da shinkafar rani, ita ke kawo wa masunta kifi. Manomin Kebbe ba ya roƙon gulbi ya daina cika. Abin da yake so shi ne ya san ranar da zai cika, kuma gidansa ya kasance inda ruwa ba ya kaiwa.

A nan hukuma ta gaza. Hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA kuma tana lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Aiki ne mai kyau, amma sunan ƙaramar hukuma a takardar Turanci ba ya gaya wa mai unguwa wane lungu zai kwashe. Abin da aka saba gani shi ne hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da ta jiha su iso bayan ɓarna da shinkafa da tabarmi da kwanon rufi. Ana godiya, amma kwanon a kan sabon ɗaki yake hawa, a daidai inda tsohon ya faɗi.

Gyaran ba ya bukatar madatsa. Tunda Gummi tana sama da Kebbe a kan gulbi ɗaya, ma'aunin ruwa da mutum guda mai waya a can sun isa a sanar da hakimai da sarakunan ruwa na ƙasan gulbin, a yi shela a masallatai da rediyo da Hausa. Kududdufan da suka rage a rubuta su, ƙaramar hukuma da masarauta su hana sayar da su. Wanda gidansa ke kan hanyar ruwa a ba shi fili a tudu kafin a ce ya tashi. Kuɗin ma akwai inda za a nema: shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja, an kafa shi ne don farfaɗo da ƙasa da kula da hanyoyin ruwa. Ya kamata shugabannin Tambuwal da Kebbe su kai masa jerin kwaruruka da kwalbatocin garuruwansu tun cikin rani, don yasar magudana da faɗaɗa kwalbati aiki ne na Fabrairu zuwa Mayu.