Kai buzu-buzu, ba kullum ƙazanta ba ce

Ɗaliban sakandare a Sabon Birni da Isa kan ci karo da kalmar unkempt a darasin Turanci, malam ya ce ma'anarta gashin da ba a gyara ba. Asalinta tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai nufin taje kai, aka sa mata ɗafin korewa a gaba, ta zama "wanda ba a taje ba". Daga baya ta yaɗu har kan tufafi da lambu. Ita kuwa takwararta dishevelled daga tsohon Faransanci ta shigo, tushenta kalmar da ke nufin gashi.

Mu a nan sai mu ce kai ya yi buzu-buzu, ko ya yi gizo. Kuma ba ma ganinsa mu wuce. A garin Gobirawa irin Gatawa, tun ranar suna wanzami ke ɗora aska a kan jariri, kuma shi ne zai ci gaba da yi masa tal-kwabo har tsufa. Mace kuwa ta tsefe, ta taje, ta shafe da man shanu, ta zauna tsakanin gwiwoyin makitsiya ana tsaga da tsinke. Wanda ya bar kansa haka nan sai a fara tambaya: lafiya kuwa? Addini ma ya ƙarfafa hakan. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin mutumin da ya shiga masallaci gashi da gemu a yamutse, Annabi (SAW) ya yi masa nuni ya fita ya gyara.

Sai dai saurin hukunci ne kuskurenmu. Mai takaba tana yin wata 4 da kwana 10 ba kitson ado, ba lalle, ba turare. Alhaji cikin harami ba ya aski sai ya yi jifa ranar Sallah, kuma yamutsewar kansa a Arfa abin yabo ce. Ga majinyaci da ya daɗe kwance. Ga kuma abin da shekarun nan suka kawo wa gabashin Sakkwato: matan da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, wasu har jihar Maraɗi, inda ruwan sha ma sai an yi layi, balle na wanke kai. Irin wannan mata ba gori take bukata ba. Sabulu da mataji za a miƙa mata, a samo wadda za ta yi mata kalaba.