Zanen Tsuntsaye da Kare Dajinmu na Sinnar

Duk mai riƙe da takardar hukuma a Sudan yana riƙe da zanen tsuntsu, domin tambarin ƙasar nan tsuntsun da Larabawa ke kira saƙarul jidyan ne, mai dogayen ƙafafu, mai farautar macizai a ƙasa. Amma a cikinmu mutum nawa ne suka taɓa ganinsa da rai?

Zanen tsuntsaye sana'a ce ta zuba wa tsuntsu ido a inda yake rayuwa, a fitar da kamanninsa a takarda daidai wa daida: tsawon baki, launin fiffike, yadda yake tsayuwa. An daɗe ana yin ta a bakin kogunanmu. Bajamushen nan Theodor von Heuglin, wanda ya zagaya Sudan a ƙarni na 19, da hannunsa ya zana tsuntsaye da dama na littafinsa. A 1955 kuma Cave da Macdonald suka wallafa littafin tsuntsayen Sudan, da zane-zanen Reid-Henry. Masanan farko sai sun harbo tsuntsu kafin su tantance shi. Da irin waɗannan littattafai suka yaɗu, musamman bayan na Peterson a Amurka a 1934, sai mutum ya iya gane tsuntsu daga nesa, ya bar shi ya tashi abinsa.

A nan ne amfaninsa yake gare mu, manoman Mai Wurno da sauran ƙauyukan Jazira. Mun san ɓarnar jan baki, wanda maƙwabtanmu ke kira zarzur, idan ya sauka wa dawa tana ƙosawa. Haushinsa kan sa yaro da danƙo ya harbi duk abin da ke da fiffike. Alhali belbela ƙwari take tsinta a bayan shanu, shamuwa kuwa, mai kawo mana albishirin damina, fara da tsutsa ne abincinta. Ungulu ma, da duk ƙyamar da ake mata, ita ke kwashe mushe kafin ya zama cuta. Yaron da ya zauna ya zana shamuwa, ya lura da farin cikinta da jan da ke gaban idonta, da wuya ya sake ɗaukarta abokiyar gabar gona.

Arzikin da muke zaune a kai ba kaɗan ba ne. Gandun dajin Dindir, da aka keɓe tun 1935, ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000. UNESCO ta sanya shi cikin wuraren da ake kula da halittunsu a 1979, a 2005 kuma ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Fadamun da ke riƙe ruwa bayan kogi ya janye, waɗanda ake kira maya, su ne masaukin gauraka da dinya da baƙin tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai da Asiya. Sare bagaruwar bakin kogi don gawayi da cushe fadamun da yashi suna rage musu wurin sauka, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya ƙara dagula aikin masu gadin daji.

Abin da za mu iya yi ba ya buƙatar kuɗi. Fensir da bayan littafin makaranta sun isa. Malami ya fita da ɗalibai bakin kanal da sassafe, kowa ya zana tsuntsu guda, ya rubuta rana da wuri. Sannan a kai wa dattawa su faɗi sunansa da Hausa da Larabci, tun da sunaye irin su kirinjijiya sun fara kuɓuce wa yaranmu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zana abu mai rai ba, ya tambayi malaminsa. Yana kuma iya zana sheƙa, ko sawu a taɓo, ko gashin da ya faɗo. Idan makaranta ta ajiye waɗannan takardu shekara bayan shekara, za ta san watan da shamuwa ke isowa garin, da irin tsuntsun da ya daina zuwa.