Hanyar ƙauye: wa ke gyara ta, da wane kuɗi?

A ƙasar Gure hanya babbar magana ce. Manomin kwari yana da dabino da rogo da rake. Wani yana da kanwa. Makiyayi yana da bisashe da zai kai kasuwar Subdu ko ta Gidigir. Amma tsakanin ƙauye da kasuwa akwai rairayi. Mota ta kafe, amalanke ya kafe, kaya su daɗe a hanya. Direba kuma ya ƙara kuɗin mota. Abin ya fi tsanani ranar da mace mai naƙuda take bukatar asibiti.

Shi ya sa mutane suke tambaya: me ya hana gwamnati ta gyara hanyar? Kafin a amsa, sai a san cewa hanyoyi ba duka ɗaya ba ne. Kowace da mai ita.

Hanyar ƙasa da hanyar ƙauye

Babbar kwalta da ta ratsa Gure ita ce hanyar ƙasa mai lamba 1. Ta taso daga Yamai, ta bi ta Damagaram, ta wuce Gure zuwa Difa da Ngigmi. Daga Damagaram zuwa Gure kimanin kilomita 160 ne. Ɓangaren da ya nufi gabas daga Gure an yi shi a farkon shekarun 1970, zamanin shugaba Diori Hamani, da taimakon ƙasar Kanada. Ana ce mata hanyar haɗin kai. Wannan hanya ta gwamnatin ƙasa ce. Akwai asusu na musamman don gyaran irinta, ana ce masa FER. Kuɗinsa yana fitowa daga harajin man fetur da kuɗin da motoci suke biya a kan hanya.

Ƙananan hanyoyin karkara, da titunan cikin gari, da tashar mota, waɗannan doka ta sa su cikin aikin ƙaramar hukuma, wato komin. A gundumar Gure akwai komin na Gure, Gidigir, Bune, Kelle, Gamu da Alakos. Tasker a da tana ciki, amma a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta.

Wa ke yanke shawara?

A shekarar 2004, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka yi zaɓen komin na farko a duk faɗin Nijar. Jama'a suka zaɓi kansiloli, kansiloli suka zaɓi magajin gari. A lokacin sarakunan gargajiya suna zama cikin majalisar su ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a. A 2010 aka fito da babbar dokar da ta tsara aikin komin. An sake zaɓe a 2011 da 2020.

A watan Afrilu na 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa kantomomi a maimakonsu. Masu sa hannu sun canja. Amma komin yana nan, ana karɓar haraji, ana kuma rubuta kasafin kuɗi kowace shekara.

Takardu biyu

Ba a fara aikin hanya don wani babba ya yi alkawari a bakin kasuwa. Sai aikin ya shiga takardu biyu.

Ta farko ita ce tsarin raya komin, ana ce masa PDC. Yana ɗaukar shekaru da dama, galibi biyar. Kafin a rubuta shi, ma'aikata suna zagaya ƙauyuka da rugage suna jin bukatun mutane: rijiya, makaranta, ɗakin shan magani, hanya. Daga nan a jera su, wannan gaba, wannan baya.

Ta biyu ita ce kasafin kuɗin shekara. Shekarar kuɗi tana farawa ran 1 ga Janairu, ta ƙare ran 31 ga Disamba. Saboda haka a watannin ƙarshen shekara ake tsara kasafin shekara mai zuwa. A ciki ake rubuta kuɗin da ake sa ran samu da ayyukan da za a yi. Bayan an amince, sai a kai wa shugaban gunduma, wato perefe, ya duba ko an bi doka. Hanyar da ba ta shiga kasafi ba, da wuya a taɓa ta a wannan shekara.

Ina kuɗin yake fitowa?

Kuɗin komin yana da ƙofa uku.

Ta ɗaya, abin da komin ya tara da kansa: lampo da masu gari suke karɓa, kuɗin rumfar kasuwa, kuɗin sayar da bisashe, kuɗin tashar mota.

Ta biyu, abin da gwamnatin ƙasa take turowa. A 2008 aka kafa wata hukuma mai suna ANFICT don raba wa komin tallafin gwamnati. Akwai asusu na taimakon tafiyar da aiki. Akwai kuma na daidaitawa, don komin mai ƙaramin ƙarfi kada a bar shi baya.

Ta uku, masu ba da taimako da ayyukan raya karkara. Su ma sukan duba PDC kafin su sa kuɗi. Sau da yawa suna neman komin ya fara kawo nasa kason. Hausawa suna cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Komin da bai tara haraji ba, yakan rasa aikin da aka kawo masa har ƙofa.

Kasafin yana da kashi biyu. Ɗaya na albashi da man mota da takardun ofis. Ɗaya na ayyuka. Doka ta ce a ware wani kaso na kuɗin shiga don ayyuka. Magajin gari ko kantoma shi ke ba da umurnin biya, amma ba shi ke riƙe kuɗi ba. Akwai ma'aji na dabam. An yi haka don kada kuɗin jama'a ya zauna a hannun mutum ɗaya.

Yadda ake zaɓen hanya

Kuɗi kaɗan ne, bukata da yawa. Hanyar burji tana da tsada, ta fi ƙarfin yawancin komin. Don haka ake tambayoyi: ƙauyuka nawa suke bin hanyar? Tana kaiwa kasuwa? Tana kaiwa asibiti? Wane wuri ne ya fi tsai da motoci?

Sau da yawa ba dukan hanya ake gyarawa ba. Ana neman wurin da ya fi muni, a zuba tsakuwa ko a yi ƙaramar gada. A ƙasar Gure akwai wani aikin kuma, wato tsai da rairayi. Ana kafa shingen kirare da rassan goruba a kan tudu, a dasa itatuwa, don iska ta daina tura rairayi bisa hanya. Wannan aiki mutanen ƙauye suna iya yin sa da hannunsu. Babban aiki kuwa, sai a yi shela, ƴan kwangila su kawo farashi, a zaɓi ɗaya.

Abin da ya rage ga jama'a

Ƙauyen da yake son hanyarsa ta shiga kasafi, kada ya jira damina ta ɓata ta. Mutane su taru da mai gari bayan girbi, maza da mata. Wanda ya iya rubutu ya rubuta: sunan hanya, wurin da mota take kafewa, ƙauyukan da suke bin ta, da aikin da mutane za su yi da kansu. Ƙauyuka uku ko huɗu su sa hannu tare, ya fi ƙauye ɗaya ƙarfi. A kai takardar ofishin komin kafin ƙarshen shekara, a ajiye guda a gida.

Duk wanda ya biya lampo ko kuɗin kasuwa ya karɓi rasit. Kuɗin da aka karɓa ba rasit, ba tabbas ya isa wurin ma'aji. In an fara aiki, jama'a su tambaya: nawa ne kuɗin, wa aka ba, yaushe zai gama? In an gama, su kafa ƴan kula da hanya, su hana sare itatuwan da aka dasa, su kwashe rairayi tun bai taru ba.