Samuel Okoye da tauraruwar da ta ɓuya a Gajimaren Ƙaguwa

A shekarar 1965 mujallar Nature ta buga wani gajeren rahoto ɗauke da sunaye biyu, Antony Hewish na Jami'ar Kambirij da ɗalibinsa Samuel Ejikeme Okoye, ɗan Najeriya da ya yi digirinsa na farko a fannin fiziks a Ibadan. Sun ba da labarin wani ɗan mitsitsin abu a tsakiyar Gajimaren Ƙaguwa, wanda ke fitar da igiyoyin rediyo da ƙarfin da ya zarce girmansa nesa ba kusa ba. Gajimaren nan ragowar wata tauraruwa ce da ta tarwatse, wadda masana taurari na Sin suka rubuta ganin haskenta a 1054, kuma nisansa daga duniya tafiyar haske ce ta kimanin shekara 6,500.

Dabarar da suka bi tana da ban sha'awa. Tauraruwa tana ƙyalƙyali da dare saboda ɗigo ce ƙarama da iskar duniya ke karkarwa da haskenta, alhali wata ba ya yin haka domin faɗinsa. Haka igiyoyin rediyo suke idan suka ratsa ɓarɓashin da rana ke fesowa: ƙaramin abu ne kaɗai ke ƙyalƙyali. Da suka saurari gajimaren a zangon megahaz 38, sai suka ga alamar, suka kuma kawo shawarar cewa ƙila gawar tauraruwar ce.

Ba su yi kuskure ba, amma sai a 1968 aka tabbatar. Shekara guda kafin nan Jocelyn Bell, ita ma ɗalibar Hewish, ta gano fulsa ta farko, wato dunƙulalliyar gawar tauraruwa mai faɗin kusan kilomita 20, wadda ta fi rana nauyi, tana juyawa tana watso haske kamar fitilar motar asibiti. Ta cikin Gajimaren Ƙaguwa tana juyi sau 30 a daƙiƙa ɗaya.

To me ya hana Okoye jin bugun? Na'urorin ba a tsara su don kama abu mai wannan sauri ba. Bayan haka akwai hanyar da saƙon ya biyo. Sararin da ke tsakanin taurari ba wayam yake ba, akwai siririn gas da ƙura da ilektoron a warwatse. Igiyoyin ƙaramin zango suna jinkiri a cikinsa, suna kuma rarrabuwa ta hanyoyi masu tsawo daban-daban, sai bugu ya iso a baje ya hau kan na bayansa, kamar kiɗan kalangu da amsa-kuwwa ta cakuɗa. Abin da ya ɓoye tauraruwar shi ne yau ma'auni: daga jinkirin ake lissafa yawan ilektoron da ke kan hanya, daga nan a ƙiyasta nisa.

Hewish ya karɓi kyautar Nobel a 1974, kuma ya ambaci aikinsu da Okoye a laccarsa. Shi kuwa Okoye tuni ya dawo gida. Ya koyar a Ibadan, sannan ya koma Jami'ar Najeriya ta Nsukka, inda ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya ya yaye ɗaliban da suka riƙe fannin bayansa. Daga baya ya zama jami'in kimiyya a ofishin jakadancin Najeriya da ke Landan, birnin da ya rasu a cikinsa a 2009 yana da shekara 70.

Hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Abuja, tana da cibiyar kimiyyar sararin samaniya a Nsukka, sai dai an fi saninta da taurarin ɗan Adam, tun daga NigeriaSat-1 na 2003. A ɓangaren sauraron sama kuwa maƙwabta sun yi gaba. Ghana ta gyara tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse ta mayar da shi na'urar nazarin taurari a 2017, har an kama bugun fulsa da shi. Tana cikin ƙasashe takwas da ke kawance da Afirka ta Kudu a babban shirin SKA, tare da Kenya, Zambiya, Botswana, Namibiya, Mozambik, Madagaska da Moris. Najeriya ba ta cikin jerin.